Gwajin Ashana

A Vermont, ranar Talata, ƙanƙara ta toshe hanya,
Corliss ta shigo wa kakarta da leda cike da yadi:
ja, shuɗi, rawaya, kore shar,
duk a yanke kusurwa huɗu, sumul kamar takarda.
"Kaka Ardith, ga ulu daga kanti, an riga an daddale shi,
ba sai kin sha wahala ba."

Tsohuwa ba ta ce uffan ba.
Ta ɗauki ɗaya, ta murza tsakanin yatsu biyu,
ta kai kumatu, ta kai hanci,
sannan ta lalubo ashana a bayan murhu.

Ta tsinko gefe kaɗan, ta kyasta.
Yadin ya ja da baya, ya narke, ya dunƙule,
ya koma baƙar tsakuwa mai ƙaurin roba.
"Kyan ɗan maciji," in ji ta.
"Wannan bai taɓa ganin tunkiya ba.
Ulu na gaske, in wuta ta lashe shi,
ƙaurin babbakar gashi yake yi,
wutar ta mutu da kanta,
ki murza tokar, ta bi iska."

Suka hau bene, suka buɗe akwati.
Ga siket ɗin zuwa coci, ruwan toka, mai sirara.
Ga bargon soja da asu ya yi wa tagogi.
Ga wandon wani kawu da kowa ya manta sunansa.
A can ƙasa, a ninke, an ɓalle maɓallansa har wuya,
kwat ɗin farautar Merton, ja da baƙi,
shekara tara ba mai shi.

Ardith ta daɗe tana shafar kafaɗar.
"Saƙarsa ta yi," ta ce, kamar mai taya a kasuwa,
"ba ta yi sakwa-sakwa ba, ba ta yi tauri ba."
Muryar ce kawai ta ƙi ba ta haɗin kai.

Tukunya ta tafasa. Sabulu, muciya, juyi,
sai ruwan sanyi mai sa haƙora rawa,
sai kuma zafi.
Gashi ya kama gashi, ya ƙi saki.
Da suka tsamo kwat ɗin washegari ya bushe,
ya tsuke, ya yi kauri,
ya dawo daidai jikin yaro ɗan shekara goma.

Ta ɗaga shi gaban taga, ta yi dariya har da hawaye:
"Haka yake ranar da na fara ganinsa,
a bencin baya, yana cin tuffa a ɓoye."

Sannan ta ɗora tsohon kwabo a kan ƙirjin,
ta zagaya da alli, ta sa almakashi.
Bakin yankan ya tsaya cak,
ko zare ɗaya bai zame ba.

Ƙarami kan babba, babba kan bargo,
baƙin zare na bin gefe taku-taku.
Corliss ta soke yatsa sau uku kafin magariba,
da'irarta ta huɗu ta fito kamar ƙwai.
"Bar ta," in ji kaka, "shi ma ba a miƙe yake tafiya ba."

Darduma ake ce mata, amma ba a taka ta.
Tana kan tebur, ƙarƙashin fitila.
Yadin kanti kuwa,
kyanwa ta samu katifa.