Mataki na Bakwai

Da aka gama rufin benen, siminti na nan tsirara,
matakala sha huɗu, da siririn lungu a sama
mai kai mutum ƙofa uku.
Nomau kafinta ya soke fensir a kunne,
ya ce, "Maigida, sai ka faɗa: katako ko kafet?"
Na ce ya ba ni kwana biyu.
Na ci sati uku.

Saude kafet take so, ja mai zanen ganye,
irin wanda ta taka a gidan ƙanwarta a Birnin Kebbi,
ƙafa na nutsewa kamar a rairayin bakin ruwa.
Ta ce, dubi Tumba, jiya ta fara rarrafe,
gobe za ta ce ita ma sai ta hau,
goshin yaro kuwa ba ya shawara da katako.
Na yi shiru, don gaskiya ce.

Nomau jirgin ruwa ya fara sassaƙa
kafin ya koma ƙofa da taga.
Ya ce, nan fa Yawuri ne, kogi na numfashi a bayan gidanka.
Damina ɗaya, kafet zai sha laima,
ya riƙe ƙarnin kifi, ya riƙe kunun da ya zube,
yashin takalmi ya kwanta a cikinsa
ba tsintsiyar da za ta tashe shi.
Maɗaci kuwa, in ya bushe da kyau,
gara na sansanawa ta canja hanya.
Sai ya faɗi kuɗin.
Na nemi bulo na zauna.

A bayan takardar siminti na yi lissafi.
Ɗaya araha yau, bashi bayan shekara huɗu.
Ɗaya shinkafar fadamata ta bana, har da buntu.
Biro ya ƙare ban gama ba.

Ba wanda ya tambayi Iya.
Ita ce mai ɗakin ƙarshe a sama,
ta zaɓe shi don iskar kogi,
ko da yake yana ta rufe mata ido shekara shida.
Ranar Laraba na kai mata fura,
ta riƙe ludayi ba ta sha ba,
ta ce, "Wannan kafet ɗin naku, yana magana?"
Na ce a'a, shirunsa ake saye.
Ta ce, "To za ku makanta ni sau biyu ke nan.
Da kunne nake ganinku.
Kai kana jan ƙafar hagu tun faɗuwar babur.
Saude na takawa kamar mai bin bashi.
Hakilu bibbiyu yake tsallakewa, ko da kwano a hannunsa.
In kun shimfiɗa shiru a hanyata,
wa zan yi wa maraba kafin ya yi sallama?"

Da asuba na aika a kira Nomau.

Saude ta yi kwana biyu tana ajiye mini shayi da ƙarfi.
Na saya mata jan kafet ɗinta, kamu takwas,
daga ƙofarta zuwa ta yara,
ya tsaya nan, bai kai wurin Iya ba.
Don Tumba aka yi ɗan kyaure a gindin matakala,
mai sakata sama da inda hannunta ke kai.
Ta riga ta gano kujera.

Mataki na bakwai kuka yake yi.
Nomau ya ji kunya, ya dawo da guduma da ƙusa.
Daga sama Iya ta ce ya bar mata abinta,
shi ne ɗan aikenta.

Jiya na daɗe a wurin hira.
Na cire takalma, na ɗauke numfashi,
na hau a hankali kamar ɓarawo a gidana,
na ɗaga ƙafa na tsallake na bakwai.
Cikin duhu muryarta ta fito, ba ko alamar barci:
"Manu, ka tsallake shi,
amma na takwas ya faɗa mini."