Karo na Uku

Ni ne bakin kotu.
Shekara goma sha tara ina tsaye
tsakanin teburin alƙali da akwatin wanda ake tuhuma,
ina juya Turanci ya koma Hausa
kamar mai juya masa a tanda,
ba ruwansa da wanda zai ci.

Ran Talata, sanyin Jos ya shige har ƙarƙashin benci,
aka shigo da Sallau.
Na san shi. Zuwansa na uku ke nan.
Na farko batirin mota ne a Taminus,
na biyu wayar wuta da ya yanko a bayan Gangare,
yau buhun dankali daga Farin Gada.
Rabin buhu ma, don ya sayar da rabi
ya sayi allurar 'yarsa. Haka ya ce.
Ni fassara nake yi, ban rantse masa ba.

Mai ƙara, Ngo Kachollom, ta taso tun daga Kuru
da takalmin roba, laka har idon sawu.
Ta ce, "Bashin taki ne a cikin buhun nan,
ni ma ba a bishiya nake tsinko kuɗi ba."
Wannan ma na juya shi ba ƙari ba ragi,
kuma na ji nauyinsa a harshena.

Alƙaliya ta cire tabarau ta ajiye.
Ta buɗe littafi, ta rufe, ta sake buɗewa,
kamar mai laluben canji a aljihun da ta san babu komai.
Littafin ya gama shari'a tun Sallau bai farka ba:
wanda ya cika uku, ga rabonsa,
babu sassauci, babu "me ya kai ka?"
Masu rubutun ba su taɓa ganin Sallau ba.
Riga ɗaya suka ɗinka,
suka ce duk wanda ya dawo sau uku tasa ce,
in ta yi masa yawa, ya tsufa a ciki.

Ban ce ba su da hujja ba.
Akwai wanda muka sallama sau biyu da jan kunne,
na ukun da wuƙa aka kawo shi,
jinin wani direba bai bushe a hannun rigarsa ba.
Ran nan ni ma na ce, da ma an kulle shi tun tuni.
Har yau ban janye ba.

Sai dai a makon jiya wani ya zo da lauyoyi huɗu,
ƙanshin turarensa ya riga shi zama.
Kuɗin fanshon tsofaffi ne, sifirin ya fi ƙarfin bakina.
Aka ce laifin farko ne. Ya ci abincin rana a gidansa.
Littafin nan ya iya ƙirga sau nawa,
bai iya ƙirga nawa ba.

Ta karanta hukunci, muryarta ƙasa ƙasa.
Kotu ta yi tsit, ana jirana.
Kalma biyu ce tak, amma sai da na haɗiye miyau:
"Shekara bakwai."

Sallau ya dube ni, ba ita ba.
Ya ce, "Malam, bakwai ta ce, ko kai ka ƙara?"
Ngo ta miƙe tana gyara ɗaurin zani,
ta ce, "Ni dankalina na zo nema.
Me zan yi da shekarunsa?"
Ba wanda ya ce in fassara wannan,
don haka bai shiga takarda ba.

Da yamma na biya Farin Gada,
uwargida ta ce in taho da cefane.
Na taya dankali, mai kaya ya ce albarka.
Na juya zan tafi, ya kira ni,
ya dubi takalmina, ya dubi furfurata,
ya ce, "Kawo, Baba, na rage maka."

Na tsaya riƙe da ledar, na daɗe.
Ko a kasuwa ana duban fuskar mutum
kafin a faɗi kuɗi.