Teburin Bayan Tanti

Teburina na can bayan tanti,
daidai inda rufin ke yoyo.
Faifai arba'in na jera tun hantsi,
fuskar ƙanena Wilf a kan kowanne,
ya rungume goge, yana harara
kamar mai bin teku bashi.
Fam goma-goma. Uku na sayar.
Ɗayan ma maƙwabciyarmu ce ta saya,
don kunya.

Agusta ce a Skelbeck, wato ruwa.
Gonar Pennick ta zama kunu.
An kora tumaki bayan katanga,
suna leƙenmu, suna tuƙa,
ba su ga abin da ya tara mu ba:
mutum ɗari biyar cikin takalman roba,
karnuka a jiƙe, warin albasa da jiƙaƙƙen ulu.

Wata goma sha ɗaya Wilf na gyaran famfo,
wata guda yana zama mawaƙi.
A tsohuwar coci aka ɗauki faifan nan,
tsakiyar hunturu, da kuɗin motarsa.
In ka kasa kunne a waƙa ta huɗu
za ka ji haƙoran Tamsin na kaɗawa.
Saura ɗari biyu da sittin
a ƙarƙashin gadona.

Ƙarfe tara suka hau.
Tamsin ta ja akwatinta mai numfashi,
ta matse, ya yi nishi
kamar tsohuwa za ta miƙe.
Suka shiga waƙar masuntan nan
da suka fita su bakwai da asuba,
jirgi ya dawo shi kaɗai.
Ana baiti na biyu janareta ya yi tari,
ya sake yi,
ya mutu.

Lasifika ta haɗiye harshenta.
Wani ya yi dariya. Ruwa na dukan rufi.
Na ji gogen Wilf ya tsaya,
na san gwiwarsa ta yi sanyi,
tun yana yaro haka yake.

Sai wata murya daga gefena,
ba daɗi gare ta ba, ƙarar tsohon ƙyaure,
ta tsinci baitin daga inda ya faɗi.
Tsoho ne, hularsa na tsiyaya.
Wata mata ta kama masa,
sai na gabanta, sai na gaban wancan.
Kafin amshi ya zagayo
duk tantin na jan igiya ɗaya,
har ni, da na rantse na gaji da waƙar nan
tun ana koyonta a kicin ɗina.

Da wuta ta dawo kowa ya sunkuyar da kai
kamar an buɗe mana ƙofar wanka.

Can anjima tsohon ya zo teburina.
Ya ce sunansa Garbutt. Ya juya faifan,
ya ce ba shi da na'urar da ke cin irin wannan.
Ya ce, kuma yaronku ya zubar da baiti guda,
akwai na matar da ta ƙi kulle ƙofa
shekara tara, ko ana dusar ƙanƙara.
Kakata ke yinsa tana feren dankali.
Ya ari biro, ya juya takardar farashi,
layi huɗu, hannu na rawa.
Ɗigo ya sauko daga rufi ya cinye kalma ɗaya.
Ya ajiye fam goma, ya bar faifan,
ya shige cikin ruwa.

Yanzu sha biyu ta wuce.
Wilf na naɗe wayoyi, yana fito.
Ban ba shi takardar ba tukuna.
Na san halinsa: zai ce a sake ɗauka,
kuma ba shi da wata motar.
Ina ta juya ta a hasken tocila.
Kalmar da ta jiƙe ɗin nan,
ko gishiri ce,
ko sunan wani daga cikin bakwai ɗin.