Ciyawar Kibiya

A Llanrhidian, inda ƙasa ke ƙarewa babu sallama,
teku na shigowa sau biyu a rana
kamar mai bin bashi:
ya leƙa kowane rami, ya ƙirga, ya koma.
Abin da yake bari ba tudu ba ne, ba ruwa ba,
taɓo ne mai sheƙi, da magudanai masu kwana-kwana,
da tumakin babana, ɗari biyu ba bakwai,
kawunansu a ƙasa.

Can take tsirowa.
Baƙo zai ce ciyawa ce kawai, ya taka ya wuce.
Ganyenta siriri, mai ruwa a ciki, kamar na ƙaramar albasa,
tsayinta bai kai gwiwa ba.
Furenta kuwa sai ka durƙusa:
'yan ƙwayoyi kore-kore jere a kara ɗaya,
babu ja, babu ruwan ɗorawa.
Ba ta yi wa ƙudan zuma kwalliya,
iska ce 'yar aikenta.

Ina shekara tara babana Emrys ya tuge guda,
ya ɗauraye gindin a kududdufi,
ya miƙo mini farin wurin.
"Nan kaɗai za ki tauna, Eirlys. Koren ba naki ba ne."
Gishiri ya fara isowa,
sai wani ƙamshi irin na kayan miya ya biyo baya,
har na miƙa hannu neman ƙari.
Ya buge hannun.

Ban gane ba sai shekarar da sama ta ƙi zubarwa,
fadama ta tsattsage kamar diddige mai faso.
Ita kuma da ƙishi ya matsa mata
sai ta tara dafi a ganye.
Tumaki huɗu muka tarar da asuba
kwance a bakin magudana, ƙafafu a sandare,
ɗaya da sauran kore a bakinta.
Ni na yi ta tsine mata.
Shi ya cire hula, ya daɗe a tsaye,
ya ce, "Mu muka kawo su.
Ita tana inda aka ajiye ta."

Bara muka binne shi a tudu, bayan coci,
inda ruwa ba ya kaiwa.
Yanzu ni ke karanta jadawalin teku
da ke manne a ƙofar firji,
ni ke yi wa kare fito
mu koro garke kafin hanya ta nutse.
Ruwan kan wuce tsohon turken da ya kafa
da taku uku, wani watan huɗu.
Ƙanena Gethin ya bugo daga Swansea:
sayar mana, ki huta.
Na ce zan yi tunani.

Jiya da ruwa ya janye na fita.
Ga ta nan, bayan awa biyu a nutse,
laka har wuya, ɗan kaguwa a gindinta,
tana miƙewa a hankali
kamar mai ciwon baya.
Ba ta nemi a yaba mata ba.

Na tuge guda, na ɗauraye,
na tauna farin, na yar da koren.
Gishiri, sannan ƙamshin.
Na miƙa hannu ga ta biyu,
na tsaya,
ina jiran a buge.

Babu kowa sai kare yana kallona,
da teku can nesa, siriri kamar zare,
yana shirin dawowa karɓar abinsa.