Lanƙwasassun Ƙusoshi

Ƙarfe biyar na gangaro daga tudun Comas,
raɓar Lima ta jiƙa mini gira,
motar haya ta tofar da ni bakin shinge.

"Sabo ne?" in ji Eusebio, shugaban leburori.
Bai dubi fuskata ba, tafin hannuna ya duba.
Ya miƙo hular kwano mai tsagu a ƙeya,
da sunan wani a cikinta: Nicanor.
Ban tambayi inda Nicanor ya tafi ba.

Sunana a nan "kai, yaro".
Kai, yaro, siminti.
Kai, yaro, ruwa.
A buhu na sha tara kafaɗata ta daina gardama.

Da rana Felícita ta kawo shinkafa da wake,
muka zauna kan bulo.
Lemun tsami ya gano duk tsagar da ke yatsuna.

Da yamma aka ba ni aikin da kowa ke gudu,
zare ƙusoshi daga katakon da aka ɓamɓare.
Daga hawa na tara ana hango teku;
wai nan za a kafa bahon wanka.

Na tara lanƙwasassun a gwangwanin madara.
Eusebio ya gani, ya kau da kai.

Yanzu ga ni kan dutsen ƙofar gida
ina miƙar da su ɗaya-ɗaya da guduma.
Kwanon ɗakin mahaifiyata na ɗagawa in iska ta taso.
Tana kira daga ciki,
wai in bari haka, maƙwabta sun kwanta.

Saura bakwai.