Ba Ruwana

Ni ne Dagdu mai burtsatse.
Shekara ashirin da biyu ina huda ƙasar Marathwada,
kunnena ya haddace muryar dutse:
in ya yi nishi, akwai ruwa a ƙasa,
in ya yi tarin farar ƙura
mai gona ya ci bashin banza.

Da ina yaron mota, ƙafa tamanin ta isa.
Bara a gonar Gangadhar
ƙafa ɗari bakwai muka nutsa
kafin bakin ƙarfe ya jiƙe.
Ya fasa kwakwa, ya raba alewa,
ya dasa rake har bakin kwalta.

Rake ɗan gata ne.
Shekara guda cur yana sha,
ko sau ɗaya bai ce ya ƙoshi ba.
A sare shi, a kai masana'anta,
wani ya zama sukari,
wani a dafa, a tace, a ba wa injin mota.

Bayan shingen ƙaya akwai Shevanta,
kadada ɗaya, dawa, da ɗan waken da take sawa a tsakani.
Dawa mai kunya ce, raɓa ma godiya take yi.
Rijiyar da surukinta ya haƙa da diga
wata uku bayan aikina
guga ya fara dawowa da tsakuwa.

Na bi ta wajen ran kasuwa.
Ba ta zage ni ba. Gara ma ta zaga.
Ta miƙo gurasar dawa da albasa
da rabin moɗa:
"Sha a hankali, na tanka ne,
sai bayan kwana tara za ta dawo."

Na ce, "Inna, aiki aka ba ni, ba ruwana."
Ta ce, "Ka yi gaskiya.
Ba ruwanka, ba ruwana.
Ruwan duk na rake ne."

Kada ku ce Gangadhar mugu ne.
Da raken ya fanshi gonar ubansa daga banki,
'yarsa tana koyon jinya a Latur,
in ya ga Shevanta hanya yake sakewa.

A gidan mai yaron ya ce min,
yana zuba wa babur ɗina,
"Baba, wannan da ruwan rake a ciki,
hayaƙinsa da sauƙi."
Na tuna jikata da ke tari a Pune, na ce madalla.
Na buga babur, ya tashi lafiya lau,
sai dai har gida
ji nake ina ƙona moɗar tsohuwa.

An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta
ka shafa wa naka ruwa.
To, a wace rijiya?

Jiya da magariba ɗanta Baliram ya zo,
ya tsaya jikin motar haƙa, yana murza hula.
Sun jinginar da ɗan kunnen uwarsa.
Ya ce, ƙafa ɗari takwas nawa ne?

Na faɗa masa.