Tekun Shafi na Arba'in da Biyu

Madam Ebelle ta zo Kusiri daga Kiribi
da teku a bakinta.
Ranar Talata, bayan an dawo tara,
ta ɗauki shuɗin alli ta malala shi a allo
har ya taɓo ƙusar da ake rataye taswira.
Mu sittin da uku, huɗu-huɗu a benci,
ba wanda ya taɓa kurɓar ruwan gishiri
sai Alifa, da ya ɗaga hannu ya ce ya sha jiƙon kanwa.

Ta ce igiyar ruwa ba ta san gajiya ba.
Ta daki gindin dutse, ta koma, ta dawo,
har tsaga ta buɗe, tsaga ta zama kogo,
kogo ya ɓule ya zama ƙofa,
kan ƙofa ya rufta,
a bar dutse tilo tsaye cikin ruwa
kamar wanda danginsa suka yi ƙaura yana barci.
Shekara dubu, in ji ta, ko fiye.
Muka kwafa. Na ja layi a ƙarƙashin dubu.

A gidanmu ba a jiran dubu.
Logon ba ya ruri, ba ya duka,
lasa yake yi,
kamar akuya ta samu bango mai gishiri.
Shekarar da aka haife ni
taku arba'in ne daga zaure zuwa gaɓa,
Baba ya auna da ƙafarsa.
Bara, sha ɗaya.
A tsakanin nan akwai fadamar albasa,
akwai inda Kawu Talle ke gasa tubali,
akwai tsamiyar da aka feɗe ragon sunana a reshenta.
Yau kwalekwale ke bi ta kansu,
matuƙi na kallon fitilun Njamena.

Jarrabawa ta ce: kawo hanya uku ta kare gaɓa.
Littafi ya ce katangar kankare,
tulin manyan duwatsu,
shingen katako mai tare yashi.
Na sani, na haddace tun daren jiya.
Amma hannuna ya rubuta:
buhun siminti cike da ƙasa,
tsohuwar tayar mota,
da Inna tsaye da tocila ƙarfe biyun dare.
Jan biro ya ba ni huɗu cikin ashirin,
ya ƙara a gefe: ba kogi aka tambaye ka ba.

Oktoba, bayan sama ta ɗauke,
ruwa ya iso daga kudu, ba hadari, ba sallama.
Unguwa ta fito,
mai shebur, mai kwano, mai hannu kawai.
Cikin layi na miƙa hannu in karɓi buhu,
sai ga agogon nan da ke ƙirga mana mintin jarrabawa,
laka har gwiwar hannu.
Ba ta ce uffan ba. Ni ma haka.

Gab da asuba gaɓa ta saki wani yanki.
Ba wata ƙara,
kamar dai an sauke tulu a hankali.
Ɗakin girkin Kawu Talle ya tafi da tukwanensa,
ginshiƙi ɗaya ya rage, ruwa na kewaya shi.
Ta dube shi, ta dube ni.
Tanimu, mene ne sunan wannan?
Na ce dutse tilo, Madam, shafi na arba'in da biyu.
Ta yi dariya har ta zauna kan buhu,
sannan dariyar ta tsaya.
Ta ce kwakwar ƙofar kakarta
tana cikin ruwa tun tana aji uku.
Ta share ido da bayan hannu,
laka ta ja mata layi a kumatu.

Makin bai canja ba, huɗu ne har gobe,
takardar na cikin akwatin Inna.
Ban ga teku ba tukuna.
Baba ƙafa ta yi nauyi, ni ke aunawa yanzu.
Bana, tara,
kuma takuna ya fi nasa gajarta.